Turken dabbobi a ƙarƙashin babban layin wuta: me bincike ya nuna?

Masu kiwo kan tambaya ko ɗaure shanu da tumaki a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki yana hana su barci ko ɗaukar ciki. Tushen tambayar shi ne zargin cewa layin wuta yana rage melatonin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi. Da shi jikin dabba ke gane dare, kuma tumakin ƙasashen sanyi da shi suke sanin lokacin barbara. Namu, irin su Yankasa da Uda da Balami, ba su cika jiran wani lokaci ba.

An gwada abin a fili. A jihar Oregon ta Amurka an tsare 'yan tumaki mata watanni a ƙarƙashin layi mai ƙarfin kilobolt 500 (kilobolt ma'aunin ƙarfin lantarki ne), aka ajiye wasu can nesa, fiye da mita 200. Sakamakon da aka fitar a 1993 bai nuna bambanci a melatonin ba, haka ma lokacin balagarsu. A Jami'ar McGill ta Kanada ma an gwada shanun madara, melatonin ɗinsu na dare bai ragu ba. A kan ɓeraye ne aka samu saɓani: wasu gwaje-gwajen sun ga raguwa, wasu ba su gani ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hujjar cutarwa ba ta isa ba.

Abin da aka tabbatar yana danne melatonin shi ne haske. Fitilar sola da ake bari tana haska garke har asuba ta fi wayar da ke sama tasiri. A karkata ta zuwa ƙofa, ko a rage ta.

Haɗarin layin yana wani wajen. Wayar shinge ko kwanon rufi ko kwamin ruwa na ƙarfe da ke ƙarƙashinsa yakan tara wuta. Saniya ta kai baki wutar ta ja ta, sai ta ƙaurace wa ruwan, nono ya ragu. A sa mai gyaran wuta ya haɗa ƙarfen da sandar da aka kafa cikin ƙasa. Kada a ƙone ciyawa a wurin, domin hayaƙi mai kauri kan buɗe wa wuta hanyar tsallakowa.

A Najeriya ana barin mita 25 kowane gefe na layin kilobolt 330, mita 15 na 132. Turke da rumfa su tsaya bayan wannan iyaka.