Fashewar sauti a aikin tace bidiyo

Fashewar sauti matsala ce da ke faruwa idan ƙarfin sautin da ya shiga na'ura ya wuce iyakar abin da za ta iya ɗauka. Masu ɗaukar bidiyo da editoci kan ce "murya ta fashe". A kunne, ana jin wata ƙara mai kaushi tana hawa kan muryar duk lokacin da mai magana ya ɗaga ta. A allon kwamfuta kuwa, idan aka faɗaɗa zanen igiyar sautin, sai a ga ƙololuwarta ta baje, kamar mudun gero da aka shafe wa tozo. Abin da aka shafe ɗin bai shiga fayil ba.

Ma'auni

A na'urorin dijital ana auna ƙarfin sauti da desibel a kan sikelin dBFS. Rufin sikelin shi ne 0, don haka duk sauti mai lafiya yana ƙasa da sifili: -6, -12, -20. Adadin bit, wato lambobin da na'ura ke rubuta sauti da su, shi ke nuna yawan matakan ƙarfi: sautin da aka ɗauka da bit 16 yana da matakai 65,536, tazarar kusan desibel 96 tsakanin mafi rauni da mafi ƙarfi; na bit 24 ya kai kusan 144 a lissafi. Ƙarin desibel 6 yana ninka tsayin igiyar sau biyu. Shi ya sa murya da kiɗa, kowanne yana zaune lafiya a -3, suke iya haɗuwa su tsallake rufin, mitar da ke nuna ƙarfin sauti a manhaja ta yi ja.

Inda fashewar take aukuwa

Aikin farko na edita shi ne gano wurin da sautin ya fashe, domin magani ya dogara da wannan. Gwajin ba shi da wuya: a rage ƙarfin guntun da desibel 10, a saurara, a kuma duba zanen. Idan ƙarar ta ɓace, fashewar a cikin manhaja take. Idan sautin ya yi ƙasa amma kaushin na nan, kan igiyar kuma a baje, to tun wurin ɗauka aka yi ɓarnar.

Ta cikin manhaja ita ce mai sauƙi. Manhajojin tace bidiyo na Premiere Pro da DaVinci Resolve suna lissafin sauti a cikinsu da tsarin bit 32 mai shawagi, wanda ke da sarari mai yawa sama da sifili, saboda haka ko mita ta yi ja, sautin bai lalace ba sai an fitar da bidiyon a haka. A sauke layin kiɗa, a sauke babban layin fita, shi ke nan.

Ta wurin ɗauka ce ke ba editocin Kebbi da Zamfara wahala, kuma sanadinta yakan maimaita kansa. Mai ɗaukar tafsirin azumi ya ajiye waya a gindin lasifikar masallaci don kada maganar malam ta kuɓuce masa, ƙaramin makirufon wayar ya cika tun kafin sautin ya zama lambobi. A wurin biki a Gusau ko Birnin Kebbi, an ja waya daga miksar mai kiɗa an cusa a ramin makirufo na kyamara. Siginar da miksa ke fitarwa ta fi ta makirufo ƙarfi da desibel 40 ko fiye, sai ta fashe a ƙofar shiga. Wannan tana da yaudara: mai kyamara zai rage maɓallin ƙarfi har mita ta tsaya a -12, ya ɗauka komai lafiya, alhali fasasshen sauti yake ragewa. Maganinta shi ne a mayar da mashigar kyamara zuwa matakin layi, wato wanda ke karɓar sigina mai ƙarfi irin ta miksa, idan tana da shi, ko a sa waya mai rage sigina a tsakani. Wanda ya sa abin sauraro a kunne lokacin ɗauka zai kama ta cikin daƙiƙa biyu. Mita kaɗai ba za ta faɗa masa ba.

Akwai kuma sautukan da ke zuwa bagatatan. Bugun kalangu, busar kakaki, guɗa kusa da makirufo, ko ihun jama'a a bakin kogin Matan Fada lokacin da masunta suka ruga cikin ruwa a bikin kamun kifi na Argungu, duk suna tashi da saurin da hannu ba ya iya bi. Tsarin daidaita ƙarfi da kansa da ke cikin wayoyi da ƙananan kyamarori yakan makara, ya bar farkon bugun ya fashe, sannan ya danne abin da ya biyo baya. A irin waɗannan wurare ana barin sarari: magana ta riƙa kaiwa -12 ko ma -18. Wasu na'urorin ɗaukar sauti, irin su Zoom F3, suna ɗauka da bit 32 mai shawagi, wanda ke kawar da yawancin wannan damuwa, sai dai idan makirufon ne da kansa ya cika.

Gyara

Sautin da ya fashe a wurin ɗauka ba ya dawowa yadda yake. Abin da manhajoji ke yi shi ne ƙiyasta siffar ƙololuwar da ta ɓata daga abin da ke gefe da gefenta. Adobe Audition na da DeClipper, iZotope RX na da De-clip, Audacity kuma, wadda kyauta ce, tana da Clip Fix. Suna aiki sosai idan fashewar gajera ce, nan da can. Wa'azin awa guda da ya fashe daga farko har ƙarshe, sai dai a rage masa kaushi. Kafin a sa su, a sauke ƙarfin guntun, domin ƙololuwar da za a sake ginawa tana bukatar wurin tsayawa. Sau da yawa abin da ya fi shi ne a nemo wani sautin: na makirufon jikin kyamara, ko na wayar wani da ya zauna nesa da lasifika, a daidaita shi da hoton.

Kishiyar matsalar ma tana nan. Wanda ya ɗauka ƙasa ainun don tsoron fashewa, idan ya zo ɗagawa zai ɗago har da gurnanin janareta da ƙugin wutar lantarki, wanda a Najeriya yake a kan hertz 50. Wannan ba fashewa ba ce, matatar da ke yanke sautuka masu kauri ce maganinsa.

Matakin fitarwa

Editoci da yawa na ajiye ƙololuwar magana tsakanin -12 da -6, kiɗan da ke ƙarƙashinta kuma a wajen -20 ko ƙasa, sannan su ɗora limita a babban layi. Limita tana hana sauti wuce iyakar da aka sa mata, amma idan aka matsa mata da yawa murya kan shaƙe.

Mitar ƙololuwa ba ta nuna yadda kunne ke jin ƙarfi, don haka aka samar da ma'aunin LUFS, bisa ƙa'idar ITU-R BS.1770 ta 2006. Ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Turai ta tsayar da -23 LUFS a ƙa'idarta ta R128 a 2010. YouTube kuwa yana sauke duk bidiyon da ya wuce kimanin -14 LUFS, saboda haka mai cika sauti don nasa ya fi na kowa amo bai ci ribar komai ba.

Ana barin rufin fitarwa a -1 ba 0 ba, domin matse sauti zuwa ƙananan fayiloli irin na AAC ko MP3 yakan ɗan ɗaga ƙololuwa, kuma bidiyon da ya bi ta WhatsApp ko Facebook galibi ana sake matse shi. Tunda yawancin masu kallo da lasifikar waya za su ji, yana da kyau edita ya tura wa kansa bidiyon ya saurara a ƙaramar waya kafin ya miƙa wa mai aiki.