Zaɓen Sana'a a Tsakanin Matasan Maraɗi

Zaɓen sana'a shi ne matakin da saurayi ko budurwa ke ɗauka wajen tsayar da hanyar cin abinci. A Maraɗi, wadda ake ɗauka a matsayin cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Nijar, ba safai wannan mataki yake zama a hannun matashi shi kaɗai ba, domin gidan da aka haife shi, da kasancewarsa namiji ko mace, da ƙarfin iyayensa sukan riga shi yanke shawara tun bai mallaki hankalin kansa ba.

A tsarin Hausawa na da, sana'a gado ce, shi ya sa ake cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Ɗan maƙeri yana tashi a gindin zuga-zugi, haka kuma 'ya'yan mahauta da wanzamai da majema da dukawa. Gadon ya yi sassauci a yau, amma kasuwa ta ɗauki salonsa. Alhazan Maraɗi sun fara tara dukiya da cinikin gyaɗa a zamanin mulkin Faransa, daga baya suka koma ga fatauci da Najeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Uba yakan danƙa ɗansa a hannun wani maigida, yaron ya yi shekaru yana tsaron shago da rakiyar kaya, har ranar da za a sallame shi da jari. Iyaye da yawa sun fi amincewa da wannan hanya a kan lakwal, wato makarantar boko, kuma ba a rasa dalili ba, tunda suna ganin masu takardar shaida suna zaman jiran aikin gwamnati, ko suna koyarwa a kan kwantiragi.

Hanyar boko doguwa ce: shekara 6 a firamare, 4 a koleji kafin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, sannan 3 kafin bakaloriya, jarrabawar shiga jami'a. A nan ne bambancin mai hali da talaka yake fitowa fili, domin gidan da zai iya haƙura da gumin yaro har shekara 13 ne kaɗai ke kai shi ƙofar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda aka kafa a 2010. A ƙauyukan Madarunfa da Agye, inda gonakin gado suka tsuke saboda yawan magada, saurayi ya fi karkata ga kabu-kabu ko tafiya bida, wato cin rani.

Lamarin 'ya mace ya fi nauyi. Binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, jihar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda abin ya fi yawa. Yarinya takan fara talla tun tana ƙarama don a tara mata kayan ɗaki, aure kuma yakan zo kafin BEPC, sai sana'arta ta zama wadda ake yi daga cikin gida, kamar ɗinki, kitso, suyar ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa. Wadda ta yi nisa a karatu ma akan fi tura ta koyarwa ko aikin ungozoma. Gwamnati ta fitar da doka a 2017 don kare karatun 'yan mata, ƙungiyoyin adashin Mata Masu Dubara kuwa, waɗanda suka faro a wannan jiha a 1991, suna ba iyaye mata ɗan jarin da wasunsu ke sayen littafi da kayan makarantar 'ya'yansu da shi.