Rashin daidaiton tsokoki

Rashin daidaiton tsokoki yanayi ne da wata tsoka ke fin abokiyar aikinta ƙarfi ko ɗaurewa, har gaɓar da suke motsawa ta daina tafiya yadda ya kamata. Yakan faru tsakanin dama da hagu, ko tsakanin tsokoki biyu masu kishiyantar juna a gaɓa ɗaya, kamar ta gaban cinya mai miƙar da gwiwa da ta bayan cinya mai lanƙwasa ta.

Yadda yake samuwa

Tsoka ja kawai take yi, ba ta turi, shi ya sa kowace gaɓa ke da masu ja ta fuska biyu. Charles Sherrington, masanin jijiyoyi ɗan Ingila da ya samu kyautar Nobel a 1932, ya bayyana cewa idan ɗaya ta tsuke, jijiyoyi masu kai saƙo ga tsoka kan sa kishiyarta ta saki. Likitan ƙasar Cek Vladimir Janda (1928-2002) ya ɗora a kan wannan, ya lura cewa wasu tsokoki sun fi saurin ɗaurewa, wasu sun fi saurin rauni, kuma abin yana bin salo biyu. A sama, tsokokin ƙirji da na ƙeya zuwa saman kafaɗa suna ɗaurewa, na cikin gaban wuya da masu riƙe allon kafaɗa suna rauni. A ƙasa, na gaban ƙugu da na kwankwaso suna ɗaurewa, na ciki da na mazaunai suna rauni.

Salon farko a fili yake a jikin telan da ya wuni sunkuye a kan keken ɗinki: haɓa ta yi gaba, kafaɗu sun ranƙwafo, da la'asar ƙeya ta riƙe. Na biyu ya fi yawa ga direbobi da ma'aikatan ofis. Tsohon rauni ma babban sanadi ne. Wanda ya yi targaɗe yakan ci gaba da jingina nauyinsa a ɗaya ƙafar watanni bayan ya warke, bai sani ba.

Ba kowane bambanci ne cuta ba. Kusan kowa yana da hannun da ya fi ƙarfi, kuma mutane da yawa masu ranƙwafaffun kafaɗu ba sa jin ciwon komai. Masana na yau suna ɗaukar salon Janda a matsayin jagorar bincike, ba hujjar cewa nan ciwon ya fito ba. A wasanni, an fi damuwa idan ƙarfin ɓangare ɗaya ya gaza na ɗayan da kashi 10 zuwa 15 cikin 100.

Gwaji

Likitan gashin ƙashi yakan sa mutum ya tsaya a ƙafa ɗaya. Idan ƙugun ɗaya ɓangaren ya sauka, alama ce ta raunin tsokar gefen ɗuwawu a ƙafar da aka tsaya a kai. Idan aka ɗan tsuguna a ƙafa ɗaya gwiwa ta karkato ciki, sau da yawa matsalar daga ƙugu take, ko da yake a gwiwa ake jin zafin. A wani gwajin, mutum yana kwanciya rigingine a bakin gado, ya rungume gwiwa ɗaya a ƙirji. Idan ɗaya cinyar ta tashi daga gadon, tsokar gaban ƙugu ta ɗaure.

Gyara

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya ga tausa da man zafi da miƙa wurin da ke ciwo. Suna kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma matuƙar mai raunin ba ta yi ƙarfi ba, ɗayar za ta ci gaba da yin aikin biyu. Ƙarfafawa ita ce ginshiƙi, miƙawa mataimakiya ce.

Don tsokar gaban ƙugu, a durƙusa a gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba, a matse ɗuwawun ƙafar da ke ƙasa, sannan a ɗan matsa gaba. A riƙe daƙiƙa 30, sau 2 zuwa 4. Wanda ya gantsare baya yana yi, kwankwasonsa yake wahalarwa, miƙar ba ta kai inda ake so ba. Don mazaunai, a kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, a ɗaga ƙugu har cinya da ciki su daidaita, a riƙe daƙiƙa 3. Sau 10 zuwa 12, zagaye 3. Idan bayan cinya ne ke ƙullewa, a matso da duga-dugai kusa da jiki. Don wuya da kafaɗu kuwa, ana janyo haɓa baya ba tare da sunkuyar da kai ba, daƙiƙa 5 sau 10. Ana kuma ɗaura robar atisaye, ko tsohuwar robar cikin tayar keke, a jikin ƙarfen taga, a jawo ta zuwa haƙarƙari, allunan kafaɗa suna haɗuwa, kafaɗu ba sa hawa zuwa kunne.

Idan bambancin na dama da hagu ne, kowane ɓangare ya yi aikinsa shi kaɗai. A fara da mai rauni, mai ƙarfin ya tsaya a adadin da mai raunin ya iya. Kwana 2 ko 3 a mako sun isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ƙarfin makonnin farko daga jijiyoyi yake zuwa, girman tsokar kanta sai bayan mako 6 zuwa 8, don haka mai bari a mako na biyu bai ba abin dama ba. Idan zagaye 3 sun zama da sauƙi, a ƙara nauyi kaɗan. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma zafi mai suka a cikin gaɓa yana nufin a rage.

Inda atisaye bai isa ba

Raunin da ya biyo bayan shan-inna, ko shanyewar ɓarin jiki, ko allurar da ta taɓa jijiyar ɗuwawu, daga jijiya yake, kuma yana buƙatar kulawar asibiti. Mai cutar sikila da ke ɗingishi saboda ciwon ƙugu a yi masa hoto tukuna, domin kan ƙashin cinya na iya lalacewa idan jini bai isa gare shi ba. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi ko rama a kai shi ga likita ba da jinkiri ba. Idan kuwa ya zo da mutuwar jiki a matsematsi ko kasa riƙe fitsari, a tafi asibiti a ranar.