Dawowar Sojojinmu Daga Yaƙin Bama: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin. A Legas akwai Arakan da Myohaung, a Ibadan akwai Letmauk, a Zariya akwai Chindit, a Akara kuma babban sansanin sojan Gana sunansa Burma Camp. Waɗannan sunaye sun biyo kakanninmu ne daga ƙasar Burma, wadda tsofaffi ke ce wa Bama (ba garin Bama na Barno ba), yau kuma ake kira Myanmar. Labarin tafiyarsu ana ɗan taɓa shi. Labarin dawowarsu gida, da abin da suka tarar, shi ne aka fi yin shiru a kai, shi kuma nake so mu duba.

Da farko, me ya kai mutanenmu yaƙi har Bama?

Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda a nan aka fi sani da yaƙin Hitila. A 1942 Japan ta ƙwace Bama daga hannun Ingila, ta doshi Indiya. Ingila na da rundunar sojan Afirka ta Yamma da Lugga ya kafa tun ƙarshen ƙarni na 19, wadda ta riga ta nuna bajinta a yaƙin Somaliya da Habasha a 1941. Sai a 1943 aka haɗa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gwalkwas (Gana ta yau) da Saliyo da Gambiya, aka ɗora su a jiragen ruwa zuwa Indiya, ta 81 a shekarar, ta 82 kuma a 1944. Wajen mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka yi wannan tafiya, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya.

Hausa ce harshen bariki. Angas da Tibi da Babarbare da Bazabarme duk da ita suke karɓar umarni, hafsoshi Turawa ma sai sun koye ta. Wasu sun shiga soja da kansu don kuɗi ko don ganin duniya. Wasu kuwa hakimi ne aka ce ya kawo mutum kaza, ya aika wa dagaci, dagaci ya nuna gidan da ba shi da mai tsaya masa. Da yawansu ma ba bindiga aka ba su ba, 'yan dako ne: su ke ɗaukar harsasai da abinci da sassan igwa a ka, cikin dazuzzukan Kaladan da Arakan inda mota ba ta shiga.

Yaƙi ya ƙare a 1945. Me ya sa akasarinsu ba su iso gida ba sai 1946?

Jirgin ruwa ne ya yi ƙaranci. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta 1945, amma akwai miliyoyin sojoji warwatse a duniya, kowa na son gida, kuma 'yan mulkin mallaka ba su ne a gaban layi ba. Runduna ta 81 ta zauna jira a Indiya, ta 82 kuma ta ci gaba da zama a Bama. Wata da watanni mutum ba ya yaƙi, ba ya gida, sai fareti da ƙirga kwanaki. Wanda ya bar Legas a 1943 ya shekara uku bai ga mahaifiyarsa ba.

A tsakanin nan abin da ke haɗa su da gida kaɗan ne: wasiƙa ga wanda ya sami mai rubuta masa, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo idan ta iso, sai ziyarar Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya je ya gan su can bayan hawansa sarauta a 1944.

Yaya aka tarbe su?

Jirgi ya sauke su a Legas, daga nan jirgin ƙasa ya ɗauko 'yan Arewa: Ilori, Jabba, Minna, Kaduna, Zariya, Kano. Amma dogo bai kai ko'ina ba a lokacin. Bai je Sakkwato ba, bai je Katsina ba, Maiduguri kuwa sai 1964 ya isa. Don haka ga mutum da yawa tashar jirgi rabin hanya ce. Sauran sai a bayan babbar mota, sannan a ƙasa, da akwatin ƙarfe a ka.

A manyan garuruwa an yi kiɗa da fareti da jawabai. Malam Sa'adu Zungur na Bauci ya yi musu waƙarsa ta Maraba da Soja. A ƙauye kuwa sau da yawa babu wanda ya san ranar isowa. Sai dai yara su hango wani cikin kaki yana tafe ta bakin gona, su ruga cikin gida.

Akwai wanda labarinsa ya fito duniya, Isaac Fadoyebo, ɗan ƙauyen Emure-Ile kusa da Owo. A watan Maris 1944 Japanawa suka yi wa ƙungiyarsu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, suka ragargaza masa ƙafa, aka lissafa shi cikin waɗanda suka ɓace. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi, shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, yana ciyar da su har wajen wata tara, alhali in an kama shi kashe shi za a yi. Ranar da Fadoyebo ya shiga ƙauyensu yana ɗingishi, mutane ba su rungume shi nan take ba. Ƙasa suka riƙa ɗiba suna watsa masa, don a al'adarsu in fatalwa ce za ta ɓace. Da ya tsaya bai ɓace ba, sannan aka ɓarke da murna.

Iyalin da aka bari a gida fa, wane hali suka shiga?

Nan ne ciwon yake, kuma nan ne takardun Turawa suka fi yin shiru. Ka ɗauki yarinyar da aka kai ɗaki wata shida kafin a tafi da mijinta. Ba ta karatun boko, shi ma haka. In an yanko mata wani abu daga albashinsa, sai ya bi ta ofishin Di'o ko na En'e, wani lokaci ya bi ta hannun wan miji, kafin ya zo gare ta, in ya zo. Ga tsadar yaƙi: gishiri ya yi wuya, kananzir da yadi sun yi wuya. Tsadar nan ce ta kai ma'aikatan Nijeriya ga babban yajin aiki a tsakiyar 1945. Gonar gandu ta rasa majiyin ƙarfi, a wasu yankunan ma an ƙara kwashe samari aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos.

Sai babbar tambaya: matar da ta daina jin ɗuriyar mijinta, ta jira har yaushe? A fiƙihun Malikiyya da alkalanmu ke bi, kamar yadda ya zo a Risala, matar wanda ya ɓace ana yanka mata shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Wadda kuma aka bari ba ci ba sha tana da hanyar neman a raba auren tun kafin nan. Saboda haka akwai sojan da ya dawo ya iske matarsa ta yi wani aure bisa hukuncin alkali, akwai wanda ya iske an yi masa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in tun bara, akwai wanda ya iske kabarin mahaifinsa. Ni ban ga laifin matan nan ba ko kaɗan. Wadda ta jira ta yi haƙurin da ba kowa ke iyawa ba, wadda ta kasa kuma yunwa da rashin labari ne suka ci ƙarfinta.

Ga kuma yaran. Wanda aka bari a goye ya zama ɗan shekara huɗu, an ce masa "ga Babanka", shi kuwa ya ɓuya a bayan zanen uwarsa yana leƙen baƙon da ke tsaye da takalmin soja a zaure.

Me aka ba su na sallama?

An ba su takardar sallama, da lambobin yabo irin su Tauraron Bama, da ɗan abin da aka tara musu na albashi, da kuɗin sallama. A kan kuɗin sallamar ne aka yi musu rashin adalci a rubuce. Wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945, wadda 'yan jarida suka tono a 2019, ta nuna cewa ƙaramin soja Bature ana lissafa masa sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki, baƙar fata ɗan Afirka mai irin muƙaminsa kuwa sule 3 da sisi. Yi lissafi da kanka: shekara uku, wato wata 36, Bature ya tashi da fam 18, namu ya tashi da fam 6 da sule 6. Daji ɗaya suka kwana, sauro ɗaya ya cije su, harsashin Japan kuma bai tambayi launin kowa ba.

Kuɗin bai daɗe ba. Wani ya yi aure, wani ya sayi keke ko keken ɗinki, wani ya biya harajin gidansu da aka tara. Dangi kuma sun ɗauka wanda ya ƙetare teku ya dawo da dukiya, kowa da buƙatarsa, shi kuma kunya ba ta barinsa ya ce babu.

To aiki fa? An ce an yi musu alkawari.

Sun tafi da fahimtar cewa aiki na jiransu, kuma a 1945 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta nemi masu ɗaukar ma'aikata su ba tsofaffin sojoji gurbi. Amma guraben ba su kai yawan mutanen ba. Wanda ya koyi tuƙi ko kanikanci ko aikin asibiti ko wayar iska a soja ya fi samun sa'a. Wasu sun shiga 'yan doka, wasu gandiroba, wasu masinja, da yawa suka ƙare a gadi. Mafi yawan 'yan Arewa gona suka koma.

Komawar ma ba ta zo da sauƙi ba. Mutumin da ya ga Bombay, ya ga Bature yana kuka don tsoro, ya ga Bature matalauci, yanzu an ce ya zube ya yi gaisuwa gaban dagacin da ya miƙa shi. Wasu sun yi, wasu sun kasa, suka tattara suka koma birni ko gefen bariki.

Gaskiya ne wasu sun dawo ba daidai ba?

Gaskiya ne. A unguwar da na tashi akwai wani tsoho mai gadin wani sito, muna ce masa Baba Soja. Mutum ne mai fara'a, yana raba mana gyaɗa. Amma in hadari ya taso aka fara tsawa, sai ya shige ɗakin gadinsa ya ja ƙofa, ko sallama ba ya amsawa har sai an ɗauke. Muna yara muna mamaki. Sai da na girma na gane abin da tsawar ke tuna masa.

A lokacinsu wannan ciwo bai sami sunan da ake kiransa da shi yau a asibiti ba. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka shigar da shi littafinsu a matsayin cuta mai zaman kanta, wato firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali. A gida cewa ake yi iska ce ta taɓa shi, ko an ce zafin soja ne. A nemo rubutu da hayaƙi, matarsa kuma ita ke kwana da mafarkan da ke tashinsa cikin dare, ita ke janye yara in ransa ya ɓaci. Waɗanda suka dawo daga Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, da waɗanda ke dawowa daga fagen fama yau, iyalansu sun san wannan hali. Bambancin shi ne yanzu ana iya magance shi, kuma kai mutum wurin likita ba tona masa asiri ba ne.

Wasu na cewa tsofaffin sojojin nan ne suka kawo 'yancin kai. Haka ne?

A Gana maganar tana da ƙarfi. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano a Akara za su kai kukansu ga Gwamna kan haƙƙoƙinsu. Wani hafsan 'yan sanda Bature, Colin Imray, ya buɗe wuta, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da soja Odartey Lamptey. Gari ya rikice, aka tsare Kwame Nkrumah da abokansa biyar, kuma daga nan hanya ta miƙe har 6 ga Maris 1957. A ɓangaren Faransa abin ya fi muni: ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa ya bindige sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga zaman fursuna a Turai, don sun nemi a biya su bashin albashinsu. Faransa ta ce mutum 35 ne, masana tarihi da dama na ganin sun fi haka nesa.

A Arewacin Nijeriya kuwa, a ganina, kada mu ƙara wa labarin gishiri. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa ne suka ja ragamar jam'iyyu. Abin da tsohon soja ya kawo shi ne labari: a bakin kasuwa da dandali ya faɗa wa mutane cewa ya ga Indiyawa na neman Ingila ta fita, kuma ya ga Bature na gudu. Jin haka daga bakin wanda ya gani da idonsa ya rage wa mulkin mallaka kwarjini.

Kakana ya tafi bai dawo ba. Ina zan nemi labarinsa?

Ba a dawo da gawa ko ɗaya ba. Waɗanda aka samu an binne su can, da yawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda kuma aka sassaƙa sunayen waɗanda ba a ga gawarsu ba a jikin ginshiƙai. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta sa sunayen a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa kyauta.

Fara da gida tukuna. Tambayi tsofaffin mata, su suka fi riƙe irin wannan. Duba tsohuwar adaka ko akwai takarda ko lambar yabo, domin lambar sojan Nijeriya tana farawa da haruffan NA, kuma ita ce ta fi saurin kai ka ga mutum. Sannan ka tuna yadda ake rubuta kurtu a lokacin: ba a cika sa sunan mahaifi ba, sunan mutum ake haɗawa da garinsu ko ƙabilarsa. In sunan kakanka Garba ɗan Malam Audu daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, kada ka nemi Garba Audu. Nemi Garba Katsina, ka kuma gwada rubutun ta hanyoyi biyu ko uku, don magatakardan da ya rubuta shi da kunne ya ji.