Waiwaye: Lafazin Amurka a bakin mawaƙan Birtaniya

Ranar 9 ga Fabrairun 1964 ƙungiyar The Beatles ta fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, mutum kusan miliyan 73 suka kalla. Ba a cika wata biyu ba waƙoƙinsu suka kame matsayi na ɗaya zuwa na biyar a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa na mujallar Billboard. Rolling Stones da The Kinks suka bi sahu. Samarin nan 'yan Liverpool ne da Landan, amma in suka buɗe baki za su rera, sai ka rantse daga kudancin ƙasar Amurka suka fito.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A faifan Chuck Berry da Little Richard da Elvis Presley suka koyi sana'ar, suka kwaso lafazin tare da kiɗan. Ita ma waƙar tana taimakawa: ana jan wasali ya fi tsawonsa na magana, karin kiɗa kuma ya danne hawa da saukar muryar da ake gane garin mutum da su.

Masanin harshe Peter Trudgill ya bi diddigin abin a nazarin da ya wallafa a 1983. Ya nuna cewa wurare ƙalilan ne mawaƙan ke sauyawa. Harafin t da ya faɗo tsakanin wasula biyu sai ya koma kamar d. Harafin r da ke bin wasali, wanda yawancin mutanen Ingila ba sa furtawa, sai a fito da shi sarai. Tagwan wasali "ai" kuma a miƙar da shi ya zama "aa", irin na baƙaƙen fatar kudancin Amurka. Inda aikin ke ɓaci shi ne wuce gona da iri. Mai kwaikwayo ya san Amurkawa na yawan furta r, amma bai san ƙa'idar wurinta ba, sai ya liƙa ta a kalmar da ko Ba'amurke ba ya sa mata. Har a bakin Paul McCartney na The Beatles da mawaƙi Cliff Richard Trudgill ya kama wannan. Ya kuma lura cewa r ɗin ta yi ta raguwa a waƙoƙin The Beatles daga 1963 zuwa 1969, wato da suka ga duniya ta karɓe su sai suka rage aron baki.

Daga 1976 mawaƙan punk, salon kiɗan matasa masu bore, irin su Sex Pistols suka juya wa lafazin Amurka baya da gangan, suka riƙa rerawa da harshen talakawan Landan. A 1995 aka yi ta kai ruwa rana tsakanin ƙungiyoyin Blur da Oasis, kowa da karin harshen yankinsa. Dizzee Rascal, ɗan unguwar Bow a gabashin Landan, ya ci kyautar Mercury ta gwarzon kundin waƙa a 2003 da harshen matasan unguwa tsantsa. A 2006 kundin farko na ƙungiyar Arctic Monkeys, mai cike da karin harshen Sheffield, ya sayar da sama da kwafi 360,000 a makon farko. Lafazin gida ya zama shaidar cewa mawaƙi bai manta asalinsa ba.

Nan ne tushen caccakar da ake yi wa mawaƙan da ke aron lafazin Amurka. A bikin kyaututtukan Brit na 2007 Joss Stone, mawaƙiyar da ta tashi a yankin Devon na Ingila, ta hau dandamali ta yi jawabi da lafazin Amurka. Jaridu da masu sauraro suka yi mata ca, alhali shekara da shekaru tana rera waƙa da wannan lafazin ba wanda ya ɗaga gira. Alex Turner na Arctic Monkeys ya sha irin tata a bikin kiɗa na Glastonbury na 2013, lokacin Twitter ta kafu: yana kan dandamali ana yi masa ba'a cewa muryarsa ta tashi daga Sheffield ta koma ta Elvis. A gwada da Adele, 'yar unguwar Tottenham a Landan, wadda kundinta na 2011 ya sayar da sama da kwafi miliyan 30. In tana rerawa wasulanta na Amurka ne, in ta ajiye waƙa ta koma hira kuwa, Landan zalla. Ba a damunta. A ganinmu wannan ya nuna inda iyakar take: mutanen Birtaniya sun ɗauki aron lafazi a cikin waƙa a matsayin kayan aiki, amma in ya biyo mawaƙi har cikin maganarsa, sai su ce ya raina gida.

Ga kuma matsin kasuwa. Birtaniya ta daɗe tana ta uku a cinikin waƙa bayan Amurka da Japan, sai dai kason mawaƙanta a kasuwar duniya na raguwa. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta BPI ta ce a 2015 mawaƙan ƙasar na da kusan kashi 17 cikin 100 na kasuwar duniya, daga baya ya faɗi ƙasa da kashi 10. A 2024 babu ɗan Birtaniya ko ɗaya a jerin waƙoƙi goma ko kundaye goma da suka fi kasuwa a duniya na IFPI, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya. Manhajojin sauraro irin su Spotify sun buɗe hanya ga Koriya ta Kudu da Latin Amurka da Najeriya, kuma BTS da Bad Bunny da Burna Boy sun cika manyan filayen wasa da Koriyanci da Sifaniyanci da Turancin Buroka.