Waiwaye: yadda masana suka rarraba kwaɗi tun daga 1758

A shekarar 1758, da masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin Carl Linnaeus ya fitar da bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, duk kwaɗin da ya sani ya tara su ƙarƙashin suna guda, Rana, ya kuma sa su aji ɗaya da ƙadangaru da kunkuru da macizai. Bayan shekara 10, wani masani mai suna Laurenti na birnin Biyana ya fara tsattsage su, inda ya ware kwaɗin bishiya a jinsin Hyla. A farkon ƙarni na 19 aka raba su da masu jan ciki, sunan Anura ya zauna wa dukan kwaɗi.

Na tsawon lokaci, da ido da wuƙar fiɗa ake aikin: a duba ƙasusuwan kafaɗa da na baya, da haƙora, da siffar talibambam. A kan haka aka kasa su rukuni uku, kuma na ƙarshensu, Neobatrachia, shi ne ya ƙunshi fiye da kashi 95 cikin 100 na nau'o'in da ke raye, waɗanda a yau sun haura 7,000.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Kaushin fata da gajerun ƙafafu, waɗanda ake gane kwaɗon tudu da su, sun ɓullo a iyalai daban-daban da ba su da kusancin jini, saboda zama a busasshiyar ƙasa ne ke jawo su. Gwajin ƙwayoyin gado ya ƙara fito da wannan fili. A 2006, Darrel Frost na gidan tarihin halittu da ke Niyok da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya wargaza manyan jinsuna irin su Bufo (na kwaɗin tudu) da Rana, abin da ya jawo muhawara mai zafi, domin masana da yawa sun ga an yi gaggawar sauya sunayen da aka saba da su.

A ganina sauyin ya dace, ko da yake ya wahalar da malamai da ɗalibai. Kwaɗon da ke kuka a kududdufan garuruwanmu da damina, wanda tsofaffin littattafan makaranta ke kira Bufo regularis, ya koma Amietophrynus regularis a 2006, sannan a 2016 aka mayar da shi Sclerophrys regularis.