Aikatau “regulate” na Ingilishi da Takwarorinsa a Harshen Cek

Regulate aikatau ne na harshen Ingilishi da ke nufin ɗora wani abu a kan ƙa'ida, ko daidaita shi har ya riƙa tafiya bisa ma'aunin da aka ɗibar masa. Ana amfani da shi a fagen shari'a da tattalin arziki, da aikin injina, da ilimin jikin ɗan Adam. Harshen Cek, wanda mutane kimanin miliyan 10 ke magana da shi, kuma yake cikin reshen yamma na harsunan Silabawa, wato dangin Rashanci, yana da kalmar aro mai kama da shi, wato regulovat, sai dai wannan kalma ba ta ɗauke dukkan nauyin da ta Ingilishi ke ɗauke da shi ba. Sauran ma'anonin sun rarrabu a tsakanin kalmomi na gida irin su upravovat, da řídit, da usměrňovat, da seřizovat, kuma abin da aikin ya faɗa wa shi ne ke nuna wadda ta dace.

Asalin kalmar

Kalmar ta shigo Ingilishi a ƙarni na 15 daga aikatau regulare na Latin. Shi kuma ya fito daga regula, wato miƙaƙƙiyar sanda da ake awo ko jan layi da ita, wadda tushenta shi ne regere, miƙar da abu ko jagorantarsa. Daga wannan tushe ne Ingilishi ya samu rule da regular da ruler, kuma ta ƙarshen ce Hausa ta ara ta zama rula, wadda ɗan makaranta ke jan layi da ita a littafinsa. Ke nan hoton da ke ƙarƙashin kalmar tun fil azal shi ne na kara abu a jikin miƙaƙƙiyar sanda domin a ga inda ya karkace a miƙar da shi.

Wannan kalma ta Latin ta shiga harshen Cek sau biyu. Shigar farko ta zo ne tare da addinin Kirista, inda regula ta rikiɗe ta zama řehole, wato ƙa'idar rayuwar masu zaman zuhudu a gidajen ibada, har ma ana kiran mai bin ta řeholník. Shiga ta biyu ita ce ta kalmomin ilimi da na mulki: regulovat, da regulace, da regulátor.

Ma'anoninsa a Ingilishi

Ma'anar da ta fi yaɗuwa ita ce ta hukuma: gwamnati ko wata cibiya ta shimfiɗa dokokin da wata sana'a za ta bi, kamar bankuna ko masu sayar da magani. A tsarin mulkin Amurka da aka rubuta a 1787, sashe na 8 na babi na farko ya ba majalisar dokoki ikon “to regulate Commerce” da ƙasashen waje da kuma tsakanin jihohi. Iyakar wannan iko ta daɗe tana jawo ƙararraki, kuma a shari'ar Gibbons da Ogden ta 1824, babban alƙali John Marshall ya bayyana cewa kalmar tana nufin ikon kafa ƙa'idar da za a gudanar da ciniki a kanta. A gyara na biyu na wannan tsarin mulki, wanda aka tabbatar a 1791, akwai lafazin “well regulated Militia”, kuma har yau Amurkawa na jayayya a kan ko ana nufin rundunar da doka ta ɗaure, ko kuwa wadda ta samu horo take aiki yadda ya kamata.

Ma'ana ta biyu ta masu aikin hannu ce, kamar mai gyaran agogo da ke daidaita shi don kada ya yi gudu ko jinkiri. Ta uku ita ce ƙayyade yawa ko ƙarfin abu mai gudana, kamar ruwa ko iskar gas ko zafi, kuma daga nan ne masana kimiyyar halittu suka ɗauke ta, suna cewa jiki yana daidaita zafinsa a kusan digiri 37, sinadarin insulin kuma yana daidaita sukarin da ke cikin jini.

Regulovat da iyakarsa

Regulovat yana cikin rukunin aikatau masu ƙarewa da ɗafa-ƙeya -ovat, wadda ita ce ƙofar da yawancin aikatau na aro ke shigowa ta cikinta a harshen Cek. Ana cewa reguluji ga mai magana, reguluje ga wanda ake magana a kansa. Yana nuna aiki mai ci gaba ko mai maimaituwa. Idan ana so a nuna cewa an kammala, sai a sa masa ɗafa-goshi ya zama zregulovat. Wannan rarrabewa tsakanin aiki mai gudana da aikin da ya kammala ta ratsa kusan dukkan aikatau na Cek, shi ya sa takwarorin regulate ke zuwa bibbiyu: upravovat da upravit, usměrňovat da usměrnit, seřizovat da seřídit.

Inda regulovat ya fi zama daram shi ne a maganar farashi da kasuwa. Hukumar da ke kula da harkar makamashi a Jamhuriyar Cek, mai suna Energetický regulační úřad, wadda ta fara aiki a 2001 kuma mazauninta ke garin Jihlava, tana ɗauke da kalmar a cikin sunanta. Haka nan duk wanda ya zauna a gidan haya a Prag, babban birnin ƙasar, bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci ya san lafazin regulované nájemné, wato kuɗin hayar da hukuma ta ƙayyade, wanda dokar mai lamba 107 ta shekarar 2006 ta buɗe hanyar janye shi sannu a hankali, har ya ƙare a manyan birane a ƙarshen 2012. Akwai kuma regulace řeky, wato miƙar da hanyar kogi da gina masa ganuwa don hana ambaliya, inda tsohon hoton miƙaƙƙiyar sanda ya fito fili.

A fannin injiniya kuwa, kalmar Cek ta fi ta Ingilishi tsauri. Malaman wannan fanni suna kiran sarrafa na'ura gaba ɗaya řízení, sannan su raba shi biyu: ovládání, inda aka ba na'ura umarni ba tare da ta auna sakamakon ba, da regulace, inda take auna sakamakon ta gyara kanta da kanta. Mai murɗa famfo ya buɗe ruwa yana yin na farko. Na'urar da ke jin zafin ɗaki ta kashe wutar ɗumama idan ya kai yadda ake so tana yin na biyu. Saboda haka Cekawa ke cewa regulátor a wuraren da Ingilishi ba ya cewa regulator sam. Na'urar nan mai ƙwallaye biyu masu juyawa da James Watt ya ɗora wa injin tururi a 1788 don daidaita gudunsa, Turawan Ingila na kiran ta governor, amma a Cek sunanta odstředivý regulátor.

Kalmomin gida

Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce upravovat, kuma ita ce wadda mai fassara ya fi saurin mantawa da ita, domin regulovat na tsaye a gabansa da kamannin da ya saba da su. Idan jimlar Ingilishi ta ce wata doka ce ke “regulate” wani al'amari, kamar aure ko gado ko kwangilar aiki, lauyan Cek zai rubuta zákon upravuje, kuma dokoki masu yawa na ƙasar da waɗannan kalmomi suke buɗewa: Tento zákon upravuje, wato wannan doka ta tsara kaza da kaza. Dukkan tanadin shari'a a kan wani batu kuma ana kiran sa právní úprava. Wanda ya rubuta zákon reguluje a irin wannan wuri za a gane abin da yake nufi, amma kunnen ɗan ƙasa zai ji kamar ana maganar hukuma tana matse wani abu ne, alhali maganar shimfiɗa masa tsari ake yi. Abin sha'awa shi ne tushen wannan kalma, prav-, yana ɗauke da ma'anar miƙewa da daidai, kuma daga gare shi ne aka samu právo, shari'a ko haƙƙi, da pravidlo, ƙa'ida, da pravidelný, abin da ke zuwa a kan kari, da pravítko, wato rula. Harshen ya bi hanyar da Latin ya bi, da kayan gininsa na kansa.

Řídit ɗan uwan řád ne, wato tsari, kuma yana nufin jan ragama: direba řidič ne, shugaban ma'aikata kuma ředitel. Ɗan sandan da ya tsaya a mararraba yana ba da hannu ana cewa řídí dopravu. Usměrňovat ya fito daga směr, wato alƙibla, kuma ya fi laushi, domin yana nufin karkatar da abin da ke da nasa motsi zuwa inda ake so ba tare da an tsayar da shi ba. Dokar farashi ta ƙasar, mai lamba 526 ta 1990, ta haɗa regulovat da usměrňovat a wuri guda: babban batun shi ne regulace cen, amma a ƙarƙashinsa ta bambanta farashin da hukuma ta yanke kai tsaye da wanda ake kira věcně usměrňované ceny, inda hukuma ke gindaya sharuɗɗan lissafi ta bar mai sayarwa ya fitar da farashin a cikinsu.

A shagon mai gyaran agogo bambancin ya fi fitowa. Idan agogon hannu yana ƙara minti biyu kowace rana, mai gyara zai buɗe bayansa, ya taɓa ɗan ƙaramin hannun da ke kan zaren ƙarfen nan mai naɗi, kuma aikin da ya yi shi ne seřídit. Idan kuwa mai agogon ne ya murɗa shi don ya tashe shi da ƙarfe shida na safe, to nařídit ya yi, ko nastavit. Hausa ma haka take rarrabawa: ana daidaita agogo, ana saita ƙararrawa, ana ƙayyade farashi, ana tsara doka.

Wuraren da ake yawan kuskure

Tun da Jamhuriyar Cek ta shiga Tarayyar Turai a ranar 1 ga Mayu 2004, harshenta ya zama ɗaya daga cikin harsunan hukuma na tarayyar, kuma dole kowace doka ta fito da shi. A nan sunan regulation yana da fuska biyu. Idan ana nufin aikin sa ido da ƙayyadewa, regulace ne. Idan kuwa ana nufin nau'in dokar tarayya da ke aiki kai tsaye a kowace ƙasa, sunanta nařízení, daga wannan nařídit ɗin, wanda ban da saita agogo yake kuma nufin ba da umarni. Dokar kare bayanan mutane mai lamba 2016/679, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018, a Cek ana kiran ta obecné nařízení o ochraně osobních údajů. Ɗaya nau'in dokar, wanda ke bar wa kowace ƙasa zaɓin hanyar aiwatarwa, shi ne směrnice, daga směr.

Wani ramin kuma shi ne kontrolovat. Ƙamusun Ingilishi kan bayyana regulate da kalmar control, sai ɗalibi ya ɗauka kontrolovat za ta maye gurbinta, alhali a Cek ainihin ma'anarta ita ce dubawa ko bincikawa, kamar yadda mai duba tikiti ke yi a jirgin ƙasa. Sa ido na hukuma a kan bankuna da kamfanonin inshora, wanda babban bankin ƙasar, Česká národní banka, ya haɗa a hannunsa tun 2006, shi kuma da wata kalma dabam ake kiran sa, wato dohled.